Ranar da Oga Ya Shigo Cikin Hayaƙi

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da muka fara gwada sababbin na'urori a gaban jama'a ba. Lokacin ni ne mai kula da sauti da fitilu a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke Pantami. Shugabarmu Madam Rifkatu ce, 'yar Herwagana, mace mai zafin nama.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: da can hannu muke sa wa komai. Amma a wannan wasan mun naɗi waƙoƙin tun da wuri, muka haɗa su da fitilu da injin hayaƙi a kwamfuta guda. Da ka danna, komai zai bi layi da kansa. In ka tsayar a tsakiya, sai an koma farko.

Babban baƙonmu wani darakta ne daga ma'aikatar gwamnati, wanda a bakinsa yake ko a bar mana zauren da muke wasa a ciki ko a mai da shi wurin biki. Muka jira shi har mutane suka fara ficewa, Madam ta ce a fara.

Mun kai inda annoba ta kashe mai gari a cikin wasan. Baba Iliya, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ne gawar, yana kwance a makara. An tsara cewa farar fitila za ta haska ƙofar zauren, hayaƙi ya turnuƙe, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Annoba ya shigo ta cikin 'yan kallo. Ana haka sai mai tsara zaman manya ya faɗo ɗakina yana haki.

"Tsayar da wasa! Oga ya iso."

Madam da ke tsaye kusa da ni ta ce, "Malam Sani, ka taɓa abin nan ni da kai ne."

Ban taɓa ba. Aka ture Annoba gefe, Oga ya sako kai da babbar rigarsa. Fitila ta sauka a kansa, hayaƙi ya lulluɓe shi, lasifika ta ɓarke da muryoyin mata: "Wayyo jama'a, ga bala'i ya shigo gari! Mai cinye namu ya iso!"

Zaure ya kaure da dariya da tafi. Baba Iliya kuwa, da ya ji ana cewa darakta ne, sai sabon da ya yi da aikin gwamnati ya motsa. Ya tashi zaune da likkafaninsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa," ya koma ya mutu.

Madam ta dafe kai. Ni dai na riga na fara tunanin inda zan koma gyaran rediyo.

Da aka tashi, Oga ya aiko a kira mu. Fuskarsa sai walƙiya take.

"Wa ya shirya tarbar nan?"

Madam ta nuna ni da baki.

"Na je Abuja, na je Legas, ba a taɓa yi mini irin wannan ba. Zauren naku ne. Kuma duk taron da zan je, a kawo injin hayaƙin nan da waƙar."

Abin da na koya, nake kuma faɗa wa masu tasowa, shi ne na'ura tana ƙara wa wasa armashi ƙwarai, amma ba ta san babban mutum ba. Shi kuma babban mutum, in dai fitila na kansa, ba ya sauraron baitin waƙa. Har ya yi ritaya da ita muke tarbarsa.