Tandun Goggo Tsahara

Daga Dogarawa har bakin kwalta babu likitan ido da ya kai Goggo Tsahara, kuma shekara arba'in ba a samu wanda ya yi musun wannan magana ba. Abin da ya taimaka shi ne babu wani likitan idon. Akwai majo, wato malamin asibitin gari, mutumin kirki, mai allura da maganin zazzaɓi, amma idan aka kai masa ido sai ya rubuta takarda ya ce a tafi Konni, kuma ba a taɓa jin wanda ya bar gero a turmi ya hau mota saboda haki ba.

Aikin Goggo cire haki ne. Garin da ake sussuka da shiƙa kowace safiya ba ya rasa idon da ƙaiƙayi ya faɗa wa, ko tsakuwa, ko ɗan ƙwaron da ya tari mai babur a hanya. Da farko sai a hura wa mutum, a zuba masa ruwa, ya yi ta murza har idon ya yi jajawur. Idan an gama ɓata shi sai a ce a kai shi wurin Goggo. Takan zaunar da shi a kan kifaffen turmi, ta ɗaga masa haɓa, ta ciro wani ɗan tandu daga lalitarta, irin na kwalli, wanda ya yi baƙi don tsufa. Ta yi bisimilla, ta lakato ƙwaya ɗaya baƙa wadda ba ta kai riɗi girma ba, ta buɗe fatar ido ta saka. Sai ta ce a rufe ido, kuma kada a yi magana. Maganar ba ta hana magani ci, ita ce dai ba ta son surutu. Kafin a tafasa shayi ƙwayar ta sha hawaye ta kumbura, ta yi farar riga mai yauƙi, ta gangaro gefen ido da hakin manne a jikinta. Goggo ta ɗauke ta da bakin zane, ta nuna wa mai idon da duk wanda ya rako shi. Wannan nunawa ita ce rabin aikin. Babu babba a Dogarawa da bai taɓa leƙa bakin zanen nan ya yi kabbara ba.

Game da inda ƙwayar ta fito, malaman garin sun kasu. Wasu sun ce kakarta ce ta zo da ita daga Makka a zamanin da ake tafiya da ƙafa. Wasu sun ce wani Buzu ne yake kawo mata daga Agadas duk shekara bakwai. Goggo ba ta taɓa faɗin ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa ƙaryata ko ɗaya ba. Gaskiyar ita ce ƙwayar tana bayan makewayinta, inda ruwan wanka yake gangarawa. Ɗoɗɗoya ce, irin wadda ke kowane gida, ana tsinka ganyenta a sa a miya, ana ƙona ta don sauro. Idan kaka ta yi, kan ya bushe, Goggo takan karya shi da hantsi lokacin da mutane ke gona, ta murza a tafin hannu, ta hure ɓawon, ta cika tandu. Kakarta ta wajen uba ce ta nuna mata tun tana budurwa, ta ce kada ta gaya wa kowa sai ta zaɓi wadda za ta gaje ta. Goggo ta yi aure da Tanimun, ta haifi maza biyu da suka tafi Abijan suka zauna, ta binne Tanimun, ta tsufa, ba ta zaɓi kowa ba. Kullum tana ganin akwai sauran lokaci.

Ba arziki ta yi da aikin ba. Wani ya kawo goro, wani tiyar gero, wani ya ce Allah shi biya ya tafi. Abin da ta samu shi ne ana aikowa a kira ta. Tsohuwa mai shekara saba'in da ba ta da ɗa a gari, amma ba a kwana uku ba a yi sallama a ƙofarta da gaggawa ba. A gidan suna ita ake shimfiɗa wa tabarma a inuwa. Maza masu gemu sun zauna a kan turminta suna hawaye kamar yara, kuma sun san ta tuna.

Hamdiyya ɗiyar ƙanenta ce, tana aure a Konni, tana da firigo da sana'ar zoɓo a bakin tasha. Mace ce mai kuzari da son a ce ita ta fara. A salularta ta ga matan wasu ƙasashe suna zuba wata ƙwaya a lemu da madara, ta bi ta samo ta a hannun wani ɗan kasuwar Sakkwato, cikin leda mai rubutun Indiya. A azumin bara ma'aikatan buro da 'yan lakwal, wato na ofis da 'yan makaranta, suka yi ta layi a kan kularta ta ƙanƙara. Don haka da aka haifa wa Alkasum jika, aka sa suna, Hamdiyya ta yi niyyar mutanen ƙauye su ma su ga abin da duniya take ciki. Alkasum taubashin Goggo ne, manomi mai baki, wanda ya zauna a kan turmin nan fiye da kowa, domin ba ya iya wuce masu shiƙa bai tsaya tsokana ba.

Hamdiyya ta sauka a gidan Goggo jajiberin suna, da kula biyu da buhun ƙanƙara a kan babur. Da safe ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, ta tace, ta sa sukari, ta ajiye ya huce. Sannan ta farke ledar ta zazzage a cikin roba. Goggo tana kan tabarma tana tsintar wake. Ta ɗaga kai, ta duba robar, ta daɗe tana dubawa. Abin da ke ciki ya isa ya cire hakin ƙasar Malbaza baki ɗaya har tashin duniya.

"Ke Hamdiyya, mi ne ne wanga?"

"Shi ake yayi Konni, Goggo. Cokali guda ga kofin ruwa, ki motsa kar ya dunƙule, ki ba shi minti goma sha biyar. Waɗanda suka taso sama ki kwashe, ba su da ciki. In ya kumbura sai ki juye cikin zoɓo, amma sai ya huce. Cikin nono ma ana sa shi, da yawur. Sanyaya ciki yake."

Ta zuba ruwa. Goggo ta ga dubban ƙwayoyinta suna sa farar riga a lokaci guda, a fili, kaza tana kallo.

"Mutanenmu ba su saba ba," in ji Goggo. "Ki kai musu zoɓonsu yadda suka san shi."

"Haka 'yan Konni suka ce da farko."

"Nan ba Konni ba ce."

"To mi zai hana, Goggo? Haram ne?"

Ba haram ba ne. Hamdiyya tun tana shekara shida aka kai ta riƙo birni, ba ta taɓa leƙa bakin zanen nan ba, ba ta san abin da kowa ya sani ba. Kuma ba a iya gaya mata dalili sai an gaya mata duka. Goggo ta ce ƙanƙarar za ta narke kafin a kai. Hamdiyya ta ce ai shi ya sa take sauri. Goggo ta ce kanta yana ciwo, ba za ta je sunan ba. Hamdiyya ta ce idan Goggo ba ta je sunan jikan Alkasum ba, Alkasum zai zo ya ɗauke ta a amalanke. Wannan gaskiya ne, don haka ta yafa mayafi.

An shimfiɗa mata a inuwar bedi kamar kullum. Aka ɗura zoɓon a gorunan roba masu haske, aka fita da kula ɗaya waje wurin maza. Goggo tana jin hayaniyar ƙofar gida, tana jin lokacin da ta ɗauke. Can sai ga Alkasum ya shigo tsakar mata ba ko sallama, gora a hannu, ya ɗaga ta sama wajen rana. Ƙwayoyin suna yawo a cikin jan ruwa, kowace da farar rigarta da ɗigon baƙi a tsakiya.

"Tsahara! Ashe tara su kike?"

"Alkasum, tsufa bai hana ka hauka ba?"

"A'a, ki gaya mini. Wanga na tsakiya na gane shi, daga idona na hagu ya hito bara. Wancan na Idrissa ne, ga hakin nan ma ban ga an cire ba. Shekara arba'in muna kawo miki ido, ashe ke kina aje wa ɗiyarki jari!"

Wasa yake, kowa ya san wasan taubasai ne. Amma mata sun riga sun duba gorunan da ke hannunsu. Wata ta furzar. Wata ta fizge gora daga bakin ɗanta. Wata tsohuwa da ta riga ta shanye rabi ta tashi a hankali ta nufi bayan ɗaki. Dariyar da aka fara ba ta yi nisa ba, domin kowace mace a wurin ta taɓa ganin abin nan, kuma wuri guda kaɗai ta taɓa ganin sa. Aka fara ƙus-ƙus. Goggo ta ji an ce ai a gidanta aka haɗa. Ta ji an ce kwantsa.

Hamdiyya ta fito daga ɗakin mai jego, ta ji abin da ake faɗa, ranta ya ɓaci, rabi don sana'arta, rabi don goggonta.

"Baba Alkasum, wace irin magana ce wagga? Ɗiyan ɗoɗɗoya ne hwa! Mai kayan da kansa ya gaya mini. Ɗoɗɗoyar da kuke sa wa miya!"

"Ɗoɗɗoya? Yarinya, ina da ɗoɗɗoya tun ba a haihi ubanki ba. Ban taɓa ganin ta yi ido ba."

Sai duk aka juyo ga Goggo, domin ita ce masaniya. Hanya biyu ce a gabanta, ta kuma gan su sarai. Idan ta ce ba ɗoɗɗoya ba ce, ta zama tsohuwar da ta shayar da gari abin da ya fito daga idanunsu, kuma ta mai da ɗiyar ƙanenta maƙaryaciya a gaban jama'a. Idan ta ce ita ce, shi ke nan. Ta nemi hanya ta uku a cikin mayafinta ba ta samu ba. Ta ce a ba ta ruwa.

Hamdiyya ta ɗauka ruwan gwaji ake nema. Ta ɗebo a kofin silba, ta nufi gindin randar gidan inda ɗoɗɗoya ta yi tsayi ta bushe, ta karyo kai guda, ta murza a tafin hannu, ta hure ɓawon, ta zuba. Ta ajiye kofin a tsakiyar tabarma, gaban goggonta. Mata suka kewaye. Maza suka cika bakin zaure suna miƙa wuya. Ba wanda ya yi magana, ba tare da an hana su ba. Kafin a tafasa shayi ƙwayoyin gidan Alkasum, waɗanda ba su taɓa zuwa Makka ba, suka kumbura suka yi fari.

"Kun gani?" in ji Hamdiyya. "Goggona ba ta tara ƙazantar kowa ba. A ba ta haƙuri."

Aka ba ta haƙuri. Alkasum ya durƙusa da wasa ya ce a yafe wa bawa. Sannan ya duba kofin, ya duba gindin randarsa, ya duba Goggo, ya juya ya koma wurin maza. Ita ta fi son ya yi tsokanar.

Zoɓon dai ba a sha ba. An yarda ɗoɗɗoya ce, amma maƙogwaro bai yarda ba. Hamdiyya ta tace sauran da rariya, ta raba shi zalla, ta koma Konni washegari tana murna ta wanke sunan goggonta. Har yau tana ba da labarin a bakin tasha.

A Dogarawa kuwa ilimi ya yaɗu. Kafin a gama ɗaure damman gero kowane gida yana da ƙwayarsa, wasu a kwalbar magani, wasu a ƙullin leda. Ba a fasa gaishe da Goggo ba, har an ƙara, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya tashi daga ciwo. Idrissa ya zuba biyar a ido ɗaya don ya yi sauri, idon ya kumbura ya rufe. Goggo ta ji labari, ta zauna a tsakar gida tun hantsi har la'asar da mayafinta a kafaɗa. Wurin majo aka kai shi, majo ya rubuta takarda, ya ce ya sha faɗa a daina sa wa ido abin da ba na ido ba. A karon nan an hau motar.

Ta yi tunanin ta ce tata daban ce, akwai addu'ar da ake yi. Amma bisimilla ce kawai, kuma kowa ya iya ta.

Ranar wata Laraba, kwana ashirin da uku ba a yi sallamar gaggawa ba, sai ga Ummulkhairi maƙwabciyarta ta shigo da sauri, ƙaiƙayi a gashinta, hannu ɗaya a kan idon dama, hawaye yana bin kumatu. Goggo ta miƙe ba ta ko dafa ƙasa ba. Ta jawo buta ta wanke hannu har gwiwa, ta goge a zane.

"Zamna, ɗiyata. Tun yaushe ya hwaɗa?"

"A'a Goggo, na sa ƙwaya tun ɗazu, jira nike ta hito. Rariyarmu ce ta yage."

Aron rariya ta zo.