Ranar da Mma Adiza Ta Zo Hana Buga Littafi

Ku yaran yanzu da ke kukan aiki, ni har gobe ban manta ranar da Mma Adiza ta shigo maɗaba'armu ta unguwar Aboabo ba, ana gab da samun 'yancin kai. Ni ne mai jera haruffa. Kowane harafi na dalma ne, da hannu ake tsinto shi a jera, kuma idan aka fasa buga aiki, sai a wargaza duka. Mai jerawa ko sannu ba ya samu.

Marigayi mahaifin Mma Adiza ya rubuta labarin wani madugu jarumi, littafin da duk Zongo, unguwar Hausawa, aka sani. Sai wani ticha, Malam Tanko, ya sake rubuta shi daga bakin mai korar jakunan madugun. A nasa, madugu na jin motsin 'yan fashi sai ya shige ƙarƙashin buhunan goro. Na jera shi tsaf har bayana ya ƙage, saura a ɗora a inji.

Da shigowarta, Mma Adiza ta dubi Masta, mai maɗaba'ar, ta ce, "Ɗana, da izinin wa za ku taɓa littafin Baba?"

Malam Tanko ya fara dogon turanci kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Ta ce, "Ticha, bakinka naka ne, amma madugun namu ne." Ni kuwa, wallahi, ina kallon wahalata za ta tashi a banza.

Masta ya ba ta kujera, ya ce in karanta mata tukuna. Na fara karantawa. Da muka zo wajen buhunan goro sai ta tsayar da ni.

"Ƙarya ce," in ji ta. "Ba goro ba ne, cikin tukunyar matarsa ya sa kai. Baba ya sha ba mu labarin a gida, kunyar 'ya'yan mutumin ce ta hana shi rubutawa."

Ta yarda a buga, da sharaɗin sunan mahaifinta ya zo a gaba, a yi masa addu'a. Na yi ajiyar zuciya. Sai ta gyara zama ta ce, "To, Ticha, ɗauko alƙalami, akwai saura."

Har la'asar tana ba da labari, shi yana rubutu baki har kunne. Babu shafin da ya tsira.

Abin da na koya ke nan. A sana'ar nan, ko a hana littafi ko a yarda, mai jera haruffa ne ke wargazawa.