Gawar da Ta Yi Atishawa

Maƙwabciyata Loretta Kubiak ta shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci a garinmu, nan bakin tafkin Erie, amma ba da girki aka san ta ba. Da mutuwa aka san ta.

A 1971 wani mai sayar da kujeru, Duane, ya tashi wai shi fim ɗin ban tsoro zai yi. Ya ari tsohon gidan limamin coci, ya haɗa jini da ruwan sukari da jar kala, ya baza auduga ta zama yanar gizo-gizo. Loretta tana 'yar shekara ashirin aka ba ta gimbiyar da ta mutu. Aikinta guda ne, ta kwanta cikin akwatin gawa ta yi tsit. Don akwatin ya yi kamar ya sha ƙura, Duane ya barbaɗe shi da fulawa. Jarumin na tsakar rusa kuka a kanta, sai gawa ta saki atishawa. Faifan ɗauka kuwa ya ƙare, babu halin sakewa. Haka fim ya fita.

Shekara hamsin da ɗoriya abin na cin ta a rai. Ni ma ban raga mata ba. In na hango ta tana shanya, sai in leƙa ta kan shinge: "Marigayiya, ya murar?"

"Pauline, bakin nan naki shi zai kai ki wuta."

Ashe fim ɗin ya tara masoya. Bara suka gayyace ta tsohuwar silimar gari, ranar Asabar da rana. Ta ce ba za ta kai kanta a yi mata dariya ba. Na ce, "Ni kyauta nake yi miki, waɗannan kuwa har tikiti suka saya." Ta harare ni, ta sa rigar zuwa coci, ta ja ni muka tafi.

Zauren maƙil da samari da 'yan mata, kaya baƙi wuluk, fuskoki fari fat kamar an tsoma su a madara. Aka kunna fim ɗin, da aka iso wurin atishawar, kowa ya zaro hankici, suka yi atishawa baki ɗaya, suka amsa, "Lafiya, ranki ya daɗe!" Wani ƙato mai zobe a hanci har da hawayensa.

Ana gamawa suka turo akwatin gawa kan dandamali, suna roƙon ta maimaita musu. Har fulawar sun tanada.

Loretta ta miƙo mini jakarta. "Riƙe nan, uwar surutu."

Ta shiga, ta naɗe hannu a ƙirji. Suka barbaɗa. Minti ɗaya, minti uku, ko gashin idonta bai motsa ba. Suka ƙara fulawa. A minti na shida ƙaton nan ya zaro waya zai kira motar asibiti.

Sai ta tashi zaune, ta karkaɗe kafaɗa, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Haka ake mutuwa," in ji ta. "Pauline, zo ki ɗaga ni, ƙafata ta sage."