Kek a Cikin Garar Ƙanwata

Idan akwai ranar da na tabbata ba za ta fita daga raina ba, to ranar da muka kai garar ƙanwata Kusada ce. Ba zan iya rantsewa a kan shekarar ba, amma dai Turawa ba su tafi ba, ni kuma ban daɗe da gama makarantar horon malamai mata ba, na dawo gida Kankiya ina koyarwa.

A lokacin surutu ya yi wa mahaifinmu yawa. Cewa ake ya kai ɗiya boko, ta dawo ko alkaki ba ta iya murɗawa. Kuma gaskiya ne, ban iya ba. Abin da na iya shi ne kek, wanda wata Baturiya ta koya mana. Sai na ce wa Inna, in ba damuwa, zan yi guda a saka cikin gara. Ta dube ni ta ce, "Ki dai sani a gaban dangin miji za a buɗe." Na gane nufinta. In abin ya lalace, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, har da Baba.

Ba mu da abin gashi irin na makaranta, don haka na zuba yashi a babbar tukunya, na ɗora kwanon ƙullun a kai, na rufe da faranti, na zuba garwashi bisa. Na farko ya ƙone, na biyu ya ƙi tashi, ya zauna kamar ɗumamen tuwo. Na ukun ne, da ƙwan zabi da man shanu, Allah ya taimake ni. Na niƙa sukari a dutse ya koma gari, na kwaɓa da farin ƙwai da lemon tsami, na shafe shi fari fat. Sauran kwaɓin na ɗiga masa ruwan soɓorodo, na naɗe takarda kamar mazurari, na zana dagi a tsakiya. Mata suka cika tsakar gida suna leƙe. Wata ta tambaya ko farar ƙasa na shafa, wata ta ce, "Wai ci ake yi, ko a jeren amarya ake sa shi?"

Saura ɗauka. Mota sai ranar kasuwa, jaki kuwa ban yarda da tafiyarsa ba. Sai Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ko ruwa ta ɗauko a ƙwarya ɗigo ba ya zuba, ta ce, "Miƙo nan, Malama." Na sa shi a fanteka, na rufe da faifai, na ce, "Gwaggo, ina jin dai kamar ba ya son rana sosai. Mai yiwuwa ya narke." Na so in ƙara da cewa ruwa ya fi rana yi masa illa, amma na ji tsoron a ce 'yar boko na koya wa babba ɗaukar kaya. Na haɗiye maganar.

Da sassafe muka ɗauki hanya, mata jere da alkaki da nakiya da tulun zuma. Rana ta ɗaga muna wajen Bauranya, muka tsaya bakin rijiya. Takalmin makaranta ya ci mini ƙafa, na zauna gefe ina fama da shi, ban lura da komai ba. Sai da muka hango Kusada na ga wani jan ruwa yana bin wuyan Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, mi kika yi mashi?"

Ta ce, "Ba ke kika ce rana na narka shi ba? Jiƙaƙƙen ƙyalle na lulluɓa mashi. Haka muke wa man shanu tun ubanki na goye."

Muka sauke a gindin kuka. Babu dagi, babu fari, sai wani ruwa-ruwa ya taru a gindin fanteka. Na fashe da kuka. Ita kuwa ko a jikinta, dangwala ta yi ta lasa, ta zaro ido. "Ashe sukari ne! Ke ko, da kin ce mani sukari ne, ai ko mahaukaciya ba ta kai shi kusa da ruwa." Ta latsa shi da yatsa, ya lotsa ya dawo. Ta sake latsawa, kamar mai gwada nunar gwanda, tana tambayata me ya kumbura shi haka ba tsami. Ina sharar hawaye ina ba ta labarin ƙwai.

Ta ce cikin bai jiƙe ba, riga ce kawai ta lalace. Ta kankare ragowar da bakin ludayi, ta ɗebo zuma ta shafe shi, ta karɓi soyayyen riɗi wurin wata ta barbaɗa, sannan ta sa tsinke ta ja layuka irin zanen ƙwarya.

Da tsofaffin gidan miji suka buɗe, suka kewaye shi suna kallo. Can wata ta ce, "Wannan kuma uwar masa ce?" Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Ɗiyarmu ta boko ta yi. Cikin na Turawa ne, rigar tamu ce." Da yake gara sai kowane gida ya sami rabo, da zare aka yanka shi siri-siri. Uwar mijin ta ɗanɗana, ta ce in matso in gaya mata yadda yashi ke dafa abinci. Da labari ya iso wa Baba, washegari da kansa ya sayo mini sabon takalmi.

Har yau ina da wannan hali na "wataƙila" da "ina jin", ban rabu da shi duka ba. Sai dai tun daga gindin kukar nan na koyi cewa kunyar da ta hana ka faɗin abin da ka sani ba ladabi ba ce. Rabin bayani na ba Gwaggo, ta cika sauran da abin da ta sani, kuma da abin da ta sanin ne ta fisshe ni kunya.