Gammon Inna

Kwana huɗu kacal Inna ta yi a Doha ta faɗi a banɗaki. Cikina wata bakwai a lokacin, cikin fari, kuma dominsa muka yi ta fafutukar biza har ta taso daga Katsina. Mace ce da ta yi wa rabin unguwarmu wankan jego, ta goyi 'ya'yan dangi da na maƙwabta ba adadi, to yaya za a ce nata jikan na fari ya buɗe ido bai hau bayanta ba? Tun a filin jirgi take lissafa min yadda za ta yi da shi. Sai ga tayil ɗin gidanmu na unguwar Najma, mai santsi kamar an zuba masa karkashi, ya kwashe mata ƙafa.

Ba ta karye ba, alhamdu lillahi. Ƙugu ne ya bugu, ya yi tsami na mako guda ya saki. Tsoron ne bai saki ba. Ni kuwa sai na ɗaura ɗamarar ladabi. Na zaunar da ita a kujera na hana ta motsi. Ruwan alwala a roba nake kawo mata har gabanta. Carbi ya faɗi, in sunkuya da wannan uban ciki in ɗauko. Maigidana Malam, da yake kunyar surukuta ba ta barin shi ko haɗa ido da ita, sai ya sayo keken marasa lafiya ya jingine a bakin ƙofa ya fice wurin karatunsa. Matan Hausawan da ke zuwa duba ta suna ta sa min albarka, wai Allah ya ba ni masu yi min. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Mako uku ana haka, sai ya zamana Inna ba ta iya tashi daga kujera sai an ja ta. Wata safiya ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari.

"Ke, ki ce wa Malam ya nema min jirgi."

"Jirgi kuma, Inna? Haihuwar fa?"

"Ki samu wata ta goya miki. Ban yarda da ƙafafun nan ba. In na faɗi ni kaɗai da sauƙi. In na faɗi da ɗan mutane a bayana fa?"

Na shiga kicin na sha kukana, na fito da haushi. A ranar da na je awo na matsa wa likita lamba har ta rubuta mana takarda zuwa sashen gashin ƙashi.

Wata 'yar Sudan muka samu a can, doguwa, mai murya kamar ta mai tallan kifi. Ta tsaya tana kallona ina cicciɓar Inna daga keke, sannan ta fara tambaya. Wa ke kawo mata abinci? Na ce ni. Ruwa fa? Ni. Wa ke sa mata takalmi? Na ƙara gyara mayafi na ce ni, ina jiran yabo.

"To ke ce za ki sake kayar da ita," in ji ta. "Khalas, shi ke nan. Daga yau hannunki ya koma bayanki."

Wallahi da ba a asibiti muke ba da ta ji baƙar magana. Uwata ce fa! Amma sai ta zauna ta yi min bayani dalla-dalla, cewa ƙafar da ba ta aiki ƙarfinta zubewa yake yi, kuma tsayuwa daidai abu ne da jiki ke mancewa idan an daina sa shi. Ta ba mu aiki uku na kullum. Inna ta tashi daga kujera ta zauna sau goma ba tare da dafa komai ba. Ta kama bakin wurin wanke-wanke ta tsaya da ƙafa ɗaya. Sannan ta bi layi miƙe, dunduniyar wannan ƙafa a bakin yatsun waccan.

Da na fassara mata, Inna ta riƙe haɓa. "Langa zan yi da tsufana? A gidan suruki?"

Sai da muka yi yarjejeniya cewa ba za a fara ba sai Malam ya fita. Tashi da zaman ta fara da uku tana nishi tana tsine wa tayil, cikin kwana goma ta kai goman. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ma ta soma kankama, ina ƙirga mata, tana cewa ina cin ta a ƙirge. Layin ne ya gagara. Da ta ɗaga ƙafa sai ta zuba wa ƙasa ido, da ta duba ƙasa sai ta yi tangal-tangal ta rarumi bango. 'Yar Sudan ta yi ta fama. "Yalla, ya Hajja, ɗaga kai, dubi gabanki!" Inna ta ɗaga na daƙiƙa ɗaya ta sauke. Haka muka dawo gida ranar.

Bayan kwana biyu ina yanka albasa, sai na ji gidan ya yi shiru da yawa. Na leƙo. Inna ce a tsakiyar barandar da ke tsakanin ɗakuna, ta naɗe kallabinta ta yi gammo, ta ɗora ƙaramin kwanon silba cike da ruwa a ka. Wuyanta a miƙe, idonta a kan ƙofa, tana bin layin tayil ƙafa bayan ƙafa.

"Inna! Innalillahi!"

"Rufe min baki, kar ki sa in zubar."

Ta kai ƙarshe, ta juya a hankali, ta dawo har inda nake. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta sauke kwanon ta miƙa min.

"Matar nan sai cewa take in ɗaga kai. Ni tunda nake ban taɓa ɗaga kai haka siddan ba, sai da kaya a kansa. Shekara nawa na yi ina ɗauko tulu daga rijiya?"

Na yi ihu, na yi guɗa da wuƙa a hannu, har maƙwabciyarmu 'yar Indiya ta ƙwanƙwasa tana tambayar ko naƙuda ce. Ranar komawa asibiti da kwanonmu muka tafi a jaka. 'Yar Sudan ta ga abin ta tafa hannu ta ce ai haka kakarta take tafiya, ta fita da gudu ta kirawo abokan aikinta. Inna ta yi musu sau uku, na ukun har da yanga. Sharaɗi biyu aka kafa mata, kwanon roba marar nauyi, kuma kusa da bango.

Daga nan fa ba a iya tare ta. Butarta ita ke cikawa, takalminta ita ke sawa. Baƙi suka zo suka ga tsohuwa na kai kwanonta kicin ina zaune, na ji wata tana raɗa wai zaman waje ya ɓata ni. Abin ya ci min rai ƙwarai, na danne. Wata Juma'a da la'asar muka je kasuwar Souq Waqif, lokacin ana cikin sabunta ta, ƙasan duk duwatsu ne masu tudu da kwari. Wani dattijo mai baro ya biyo mu zai ɗaukar mana ledar dabino, Inna ta ce a'a, ta ɗora abinta a ka ta wuce gaba. Malam na biye yana murmushi a ɓoye. Washegari na nemi keken a bakin ƙofa na rasa.

Na haifi mace. Inna ta yi min wanka, ta dama kunun kanwa, ta wanke jikarta a zaune, ta rungume ta a zaune. Goyo kuwa ko maganarsa ba ta yi, ni ma na kasa tayarwa. Aka yi suna, kwanaki suka ja, bizarta ta rage kwana biyar. Na fara haƙura a raina, ina cewa ai ko haka an gode Allah, amma ƙarya nake yi wa kaina.

Sai wata azahar yarinyar ta tsiri kuka. Na ba ta nono ta ƙi, na jijjiga ta ƙi, ni ma na fara hawaye. Inna ta daɗe tana kallonmu. Can ta miƙe, ta jawo zanen da ke kan gado, ta ware ƙafafu ta kafa su sosai, ta sunkuya.

"Ɗora min ita."

Na kwantar da yarinyar a bayanta. Ta ja zanen, ta ɗago a hankali, ta ɗaure sama ta ɗaure ƙasa. Ta tsaya jim. Sannan ta taka ɗaya, ta taka biyu, ta nufi baranda tana bubbuga ɗuwawun yarinyar tana yi mata kirari. Kafin ta je ta dawo sau biyu kukan ya ɗauke.

Na bar su har aka kusa la'asar, sannan na matsa na ce, "Inna, ta yi barci fa, kawo in sauke ta ki huta."

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wa ya ce miki na gaji?"