Hayaƙin Motar Kawu Bala

Ku da kuka zauna a unguwar Waziriyya kun san Kawu Bala ba ya gaishe da ɗan Adam da safe sai ya fara gaishe da motarsa. Zai fito ya shafa goshinta ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Sannan ya zagaya baya, ya tsuguna ya shinshini salansa kamar mai zaɓen turare. Sai ya gama zai amsa sallamar wanda ya daɗe a tsaye. Tsohuwar motar Amurka ce, koriya, faffaɗa kamar kwalekwale. Ya ce ta fi limamin unguwa zuwa Arfa, don haka ba wanda ya isa ya hana ta sunanta.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi tare da Kaka, mahaifiyarsa, wadda ta iso ƙasar nan mai tsarki da ƙafa ta hanyar Sudan tun tana amarya. A shekarar da nake ba ku labari ƙafafun nan sun gaza. Ta ce tana so ta ƙara tsayuwar Arfa sau ɗaya kafin a kira ta, kuma ba za ta iya hawa manyan motocin alhazai ba, sai dai a kwantar da ita a kujerar bayan Hajiya. Kawu ya dafa ƙirji ya ce, "Halas, Inna. An gama."

Ashe ba a gama ba. Hajiya ta kama wani baƙin hayaƙi, duk inda ta bi sai mata su kwashe shanya. Askarin murur, mai kula da motoci, ya tare Kawu a titi ya karɓe takardarsa. Ya ce ya kawo ta a duba ranar Laraba da safe. In tana wannan hayaƙi ba hatimi, in ba hatimi ba za ta wuce shingen hanyar Makka ba. Ranar da aka yi haka Lahadi ce. Kaka dai ta ci gaba da ninke kayanta a ƙaramar jaka, abin da ya fi faɗa ciwo.

Litinin Kawu ya ɗiga banzin, wato man mota, a harshe, ya lumshe ido ya ce, "An cuce ta. Akwai datti a ciki." Ya juye tankin kaf a bahon wanki da tukwanenmu, ya hana a kunna ko ashana a gidan. Da burodi da ruwa muka wuni, Kaka ko shayi ba ta sha ba. Ya tace man da rariyar tankaɗe, can sai ya yi kabbara, ya ɗaga ƙwallon dabino guda sama.

"Ga ɓarawon!"

Aka mayar da mai, aka tayar. Kai! Maƙwabcinmu ya fito da bokitin ruwa yana salati.

Talata da safe ya kwance kafireta, ya jera kayan cikinta a faifan shayi, yana hura kowane ƙaramin rami da baki. Da ya haɗa, ƙusa biyu suka rage.

"Kawu, waɗannan fa?"

"Wanda ya ƙera ta ne ya yi almubazzaranci. Adana mini."

Hayaƙi bai ragu ba, kuma yanzu har tari take yi.

Kowa ya san maganin yana unguwar Sa'alaba, a garejin Usta Abakar, Bahaushen Sudan nan mai kunnen jin inji. Amma shekara da shekaru ba sa magana, tun ranar da Usta ya ce a kai Hajiya wurin masu sayen ƙarfe. Bayan la'asar Kaka ta aika aka kira shi, ba ta shawarci kowa ba. Ta sa na fito da ita soro, inda za ta ga komai.

Usta ya iso da jakar kayan aikinsa. Kawu ya kalli sama ya ce, "A faɗa wa baƙo ya wanke hannu."

"A faɗa wa maigida na ji ƙamshinta tun daga kwanar masallaci," in ji Usta.

Usta ya ɗaga bonet, ya leƙa. Sannan ya nuna wani abu da yatsa. "Ya shekh, wannan mene ne?"

Ni na san ko mene ne. Makonni biyu kafin nan Kawu ya ce danshin teku zai sa wa Hajiya ciwon ƙirji, ya ba ni tsohon haraminsa mai kauri ya ce in ɗinka wa matatar iska riga. Na ninka shi biyu, na ɗinke tsaf, har na yi masa furanni da koren zare ina jin daɗi, kamar mai ɗinka wa jariri hula.

"Inji da iska yake haɗiye mai," in ji Usta. "Ka toshe mata hanci, tana shan banzin zalla, ina za ta kai sauran in ba ta amayar ba? Cire."

"Ba za a cire ba! Haramin nan sau bakwai ya tsaya Arfa. Albarka ce!"

Usta ya fara tattara kayansa. Rana tana faɗuwa, gobe Laraba. Ni kuwa hawaye sun cika mini ido, ina ganin furannina ne za su hana Kaka zuwa.

Sai Kaka ta yi magana, a hankali. "Bala, ba Hajiya ka ce sunanta ba?"

"Haka ne, Inna."

"To tun yaushe mace take ɗaura haramin maza?"

Kawu ya matsa wurin injin. Da hannunsa ya kwance rigar. Usta ya wanke fulogan da suka yi baƙi ƙirin, ya karɓi ƙusoshin nan biyu a hannuna ya mayar, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa.

Da safe Kaka ta ce da ita za a je, na bi don in riƙe ta. Askarin ya zagaya baya, ya kara farin ƙyalle a bakin salansa, ya ce wa Kawu, "Yalla, taka." Kawu ya taka. Wani baƙin curi ya fito, ragowar tsohon datti. Askarin ya kalli ƙyallen, ya kalli layin motocin da ke jira a bayanmu. Yatsun Kaka suka nutse a hannuna, ina jin leɓɓanta suna motsi. Gumi yana bin ƙeyar Kawu har cikin riga.

"Ƙara," in ji askarin, ya juya ɗaya gefen ƙyallen.

Kawu ya ƙara. Ƙyalle ya fito da ɗan toka-toka kawai. Ban taɓa jin sauti mai daɗin bugun hatimin nan ba.

A hanyar gida Kawu ya ce, "Dama tana gab da warkewa, Abakar ya zo ya tsinci suna."

Kaka ta tsaya Arfa, a kishingiɗe a kujerar baya, ƙofa a buɗe, Kawu yana riƙe mata lema tun azahar har faɗuwar rana bai yarda wani ya karɓe shi ba. Ba ta sake ganin wani aikin hajjin ba, Allah ya karɓi abarsa. Shi ma yanzu ya bi ta, kuma Usta Abakar ne ya fara shiga kabarin ya karɓe shi.

Allah ya jiƙan Kawu Bala. Yadda ya tsare wa uwarsa rana, Allah ya sanya shi a inuwa ranar da babu wata sai taSa. Amin.