Hoton da Ke Bakin Allon Yayana

Yayana bai haddace Alƙur'ani ba. Mutane da yawa a ƙauyenmu, wajen Durun, sun ɗauka ya haddace, domin ba su taɓa ganinsa ya wuni bai buɗe shi ba. Ya riƙe izu goma sha biyar da ka, sauran kuwa sai ya duba. Noma da kiwo suka ɗauke shi tun mahaifinmu na da rai, ni kuma aka tura ni boko, daga nan aiki ya yi ta jifa da ni ƙasa-ƙasa har na yi ritaya na zauna a Gwarzo.

Shekarar da likita ya ce masa hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba, bai yi dogon jimami ba. Abu ɗaya ya faɗa mini muna zaune a zaure: yana so ya yi sauka ɗaya, daga Fatiha har Nasi, da idonsa, kafin fitilar ta mutu. Alƙur'aninsa rubutun hannu ne na Warshu, takardu a warware, a cikin gafakar da ya gada. Baƙin ya fara cakuɗe masa, wasullan kuwa sun ɓace gaba ɗaya.

A lokacin ina shirin zuwa wajen 'yata da ke aure a Turai. Na ce masa akwai wani allo na zamani da ake karatu a kansa, ba ya ƙyalli kamar waya, kuma ana iya ƙara girman rubutu yadda mutum yake so.

Ya ce, “To, Bature. Kai dai ba ka rasa abin kawowa.”

A kantin da na shiga can, wata matashiya ta jera mini iri uku. Akwai ƙarami mai shiga aljihu, akwai matsakaici wanda ruwa ba ya ɓata shi, akwai babba mai faɗin littafi. Na daɗe ina juya su. Ƙaramin ba zai ɗauki shafin Warshu ba. Babban ya yi nauyi ga hannun tsoho. Na tsaya a kan matsakaicin, kuma har yau ina ganin a nan ban yi kuskure ba. Sai ta ce wannan ɗin ma kashi biyu ne: akwai wanda ake yi wa ragi idan mutum ya yarda a riƙa nuna masa talla a fuskar allon duk lokacin da ya ajiye shi. Ta ce tallan ba ya shiga cikin karatu. Ragin bai taka kara ya karya ba. Amma ni mutum ne da ya yi ciniki a kasuwannin Alƙahira da Istanbul da yarukan masu kasuwar, ban saba a ce ga ragi in wuce ba. Na karɓa, har ina jin na yi wayo.

'Yata ta samo hoton wani Alƙur'ani na Warshu mai manyan baƙaƙe ta saka a ciki. Da na dawo, ban kwana biyu a Gwarzo ba na hau mota zuwa Kabo, daga nan babur ya ƙarasa da ni. Na buɗe allon tun a hanya, na miƙa masa shi a kan Baƙara. Ya kai shi kusa da fuska. Na ga leɓensa ya fara motsi. Ya karanta shafi uku bai ɗago ba, matarsa tana leƙowa daga soro tana share ido da gefen mayafi.

Da aka kira la'asar ya ajiye shi a kan buzu. Da muka dawo daga masallaci, allon ya rufe kansa, kuma a fuskarsa ga hoton wata mace, kai ba ɗankwali, kafaɗa a waje, tana riƙe da kofi. Tallan wani littafin soyayya ne. Hoton babba ne, irin wanda ko mai raunin ido zai gani.

Ya ce, “Wannan fa? Baƙuwa ka zo mana da ita?”

Na yi dariya, na ce talla ce kawai. Na nuna masa yadda ake yi: a ɗora yatsa a kan hoton a ja sama, sai karatu ya dawo.

“In shafa ta,” in ji shi, “da alwalata, sannan in shiga Baƙara.”

“Yaya, gilashi ne. Ba mutum ba ce.”

“Na sani. Kai ka taɓa ganin na ɗora ko hulata a kan gafakar nan?”

Da a ce na yi shiru a nan, na ɗauki allon na koma Gwarzo, da an gama. Ana iya cire tallan. Biyan ɗan ragin nan ne kawai, a wurin da akwai intanet. Na san haka tun a kanti. Amma sai na zauna ina yi wa yayana lacca. Na ce masa na ga malamai a Alƙahira suna karatu a wayar da ke ɗauke da komai. Na ce a Malesiya na ga mata a jirgin ƙasa suna tilawa a irin wannan allon. Na kawo masa maganar malamai a kan bambancin mus'hafi da na'ura, har da Larabci. Ya saurare ni har na ƙare, kamar yadda yake sauraron mai sayen bijimi da ya raina farashi.

Ya ce, “Duk na ji. Su ma Allah ya karɓa musu. Ni dai hannuna ba zai iya ba.”

Na bar masa allon, na ce zai saba. A ƙauyen babu sabis mai ƙarfi, saboda haka tallan bai taɓa canzawa ba. Matar nan ta zauna daram. Daga baya matarsa ta gaya mini yadda suka yi. Idan ita ta buɗe masa ta miƙa, yakan karanta. Amma yana tashi ya duba dabbobi ko ya amsa sallama, sai allon ya rufe, ita kuma tana can wajen surfe ko ta tafi unguwa. Ba ya son ya riƙa kiranta a kan abin da yake jin kunyarsa. Wata rana ta tarar ya naɗe allon a cikin tsumma mai tsabta ya ɗora a kan katanga, nesa da gafaka. Ya koma wa takardunsa da gilashin ƙara girma, yana yin shafi ɗaya a inda da yake yin goma.

Ni kuwa damina ta faɗi, na shiga hidimar gonata, sannan aka gayyace ni wani taro a Yamai, na zarce Agadas gaishe da tsofaffin abokai. Duk lokacin da muka yi waya nakan tambaye shi allo, ya ce, “Yana nan lafiya, shi da baƙuwarka.” Sai mu yi dariya. Na ɗauka wasa ne muke yi.

Bayan an yanke gero na je na karɓo allon. A wani shagon gyaran waya a Gwarzo, ni da mai shagon muka cire tallan kafin shayin da ya saya mini ya huce. Washegari na koma.

Na same shi a zaure, fuskarsa tana kallon ƙofa, amma sai da na yi sallama ya gane ni. Na sa masa allon a hannu.

“Ta tafi?”

“Ta tafi, Yaya.”

Ya shafa fuskar allon da tafin hannunsa gaba ɗaya, a hankali. Na buɗe masa, na ƙara girman rubutun har kalma uku ta cika shafi. Ya kai shi daidai hancinsa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, inda ɗan sauran ganinsa yake. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke shi a cinya.

Ya ce, “Akwai haske dai.”

Saukar tasa ta tsaya a cikin suratu Maryam. Bai zarge ni ba, ranar ko bayanta, kuma da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

“Bature, bar wannan. Kana da alwala?”

Na ce ina da ita.

“To ɗauko daga inda na tsaya. Kuma ka karanta mini irin namu, ban da irin na Misira.”

Na fara. Ban kai aya biyar ba ya gyara mini wani wasali, na maimaita, ya ce in wuce.